Tambayi Gwaggo: Garka da ruwan saye, bargon ƙyalle, da shiga jirgi da goyo

Assalamu alaikum masu karatu. Damina ta tattara, ana ta ɗaure dammunan gero, iskar asuba ma ta soma canjawa a nan Damagaram. Wasiƙun wannan wata kusan duk na lokacin ne: masu son kafa garka, masu shirin sanyi, da waɗanda tafiya ta kama. Na zaɓi biyar. Masu tambayar rikicin kishiya su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, na san ba zai ƙare kafin nan ba.

Tambaya: Gwaggo, barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna unguwar Garin Malam. Famfonmu sai tsakar dare yake kawo ruwa, wani lokaci ya yi kwanaki shiru, mu koma sayen bido a wurin 'yan ga-ruwa. Ina sha'awar yin 'yar garka a tsakar gida ko kuɗin cefane zai ragu, amma maigidan ya ce ruwan da za a zuba wa ganyen ya fi ganyen tsada. Gaskiyarsa ce? Daga wata ɗiyarki.

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Maigidanki bai yi ƙarya ba, lissafin babbar garka ya yi miki. Garin nan a kan dutse yake zaune, duk wanda ya ratsa Birni ya ga duwatsun da gidaje suka jingina da su ya san haka. Ƙarƙashinmu ma dutsen ne, ba ya ajiye ruwa, shi ya sa ake jawo mana ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Ruwan saman da muke samu a shekara yana wajen milimita 400, kuma tsakanin Yuni da Satumba yake zuba ya ƙare. Wadda za ta yi garka a cikin gari sai ta ƙirga bido kafin ta sayi iri. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga lissafin. A lokacin sanyi, fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi yana shan lita 5 zuwa 6 a rana, idan zafi ya shigo ya kai 8 ko fiye. Ki yi fangali biyu, kowanne mita 2 a mita 1, kin ga lita 20 zuwa 24 ke nan, wato bido guda mai lita 25. Kada ki wuce haka a shekarar farko ko da maƙwabciya ta zuga ki.

Bidon nan ma ba dole ne ki saye shi duka ba. Ku shida ne a gidan, masu salla suna alwala sau biyar a rana, ruwan yana bin kwata. Ki ajiye roba mai faɗi a wurin alwala. Ki tara ƙasarin wankin gero, da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Waɗannan duk shuka na so. Wanda ba ta so shi ne ruwan omo da na jabel, da mai gishiri ko maiƙo, da ruwan wankin kashin yara, wannan na ƙarshe ma cuta zai kawo muku cikin kwano.

Sai abin da za ki shuka, kuma a nan mata da yawa suke asarar ruwansu. Kada ki shuka shu, wato kabeji, ko karoti, ko albasar ajiya. Daga Janairu za ki ga sun cika Kasuwar Dole daga garaken Mirya da Gidimuni, inda ruwa ke kusa, har mai sayarwa yana roƙon ki ɗauka. Ba za ki iya gasa da su da ruwan bido ba. Ki shuka abin da kike saye kullum kaɗan-kaɗan, wanda kuma ke yaushi kafin a iso gida da shi: alayyafo, da yake mako 3 zuwa 4 ya isa tsinka, yakuwa, lansir, salati, albasa mai lawashi, da gindin barkono biyu ko uku. Alayyafo da yakuwa ba a tuge su, a yanki sama a bar gindin ya sake toho. Salati kuwa na sanyi ne kawai, da zarar Maris ya yi sai ya miƙe tsaye ya yi ɗaci, lokacin ki ba kuɓewa wurinsa, ita zafi ba ya damunta. Zogale ki ba shi wurin alwala kacokan. Nawa can yake, ban ware masa ruwa ba. Idan ya kai ƙugunki ki datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ya bar ki da sanda.

Ƙasarmu rairayi ce, ruwa na wucewa ne kawai. Ki haƙa fangalin ya ɗan yi zurfi ƙasa da tsakar gida, kada ki yi masa kunya mai tudu. Ki cuɗa kowace mita da bokiti guda na takin da ya ruɓe sosai, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin awaki, balle na kaji, ƙone saiwa yake yi. Bayan shuka ta fito ki rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi don rana kada ta shanye laimar, amma ki riƙa ɗagawa kina duba gara. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindi, a hankali.

Akwai dabarar da na fi so a kan duk waɗannan. Ki sayi tulun ƙasa irin na Mirya, wanda ba a shafa masa komai ba, mai tsatsafo. Ki binne shi a tsakiyar fangali har wuya, ki cika shi, ki rufe bakinsa da faifai ko murfin tukunya saboda sauro. Ki dasa barkono ko tumatir kewaye da shi, tazarar taƙi guda ko biyu. Ruwan zai riƙa fita ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar, saiwa kuma ta je ta naɗe shi. Kwana biyu ko uku sai ki ƙara masa. Ranar da famfo ya yi shiru ba za ki tashi hankalinki ba.

Abokan gabarki na farko ba ƙwari ba ne, ƙadangaru ne da kaji. Tsohon sange da ya yage ya isa: ki kafa sanduna huɗu ki lulluɓe, ki danne gefensa da duwatsu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ki raɓa garkar da katangar wannan ɓangare ko ki kafa zana, muddin dai tana samun rana ta awa 5 zuwa 6. Abu guda da ba na wasa da shi: duro ko babbar robar da kike tara ruwa ta kasance a rufe kullum. Yaro mai rarrafe yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba.

Maigida kuma kada ki yi musu da shi. Ki rubuta abin da kike kashewa a ganye da barkono na wata guda, ki ajiye kusa da kuɗin bidon da kika ƙara. Ki kai masa takardar tare da kwaɗon zogale.

Tambaya: Gwaggo, ni malamin lakwal ne a Sabon Gari, ni da yarana muke kula da garkar gidanmu. Bara na dasa tumatir a Fabrairu, ya yi ganye gwanin sha'awa, ya yi fure a Afrilu, furen duk ya zube. 'Yan kaɗan da suka ƙulla kuma tsutsa ta huda su. Maƙwabcina ya ce bakin mutane ne.

Amsa: Malam, ka gai da maƙwabcin, amma rana ce. Furen tumatir ba ya ƙulla ɗa idan zafin yini ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ba, garin furen lalacewa yake yi. Afrilu da Mayu a nan kullum muna sama da 40. Ka makara da dasawa ne kawai. Ka zuba iri yanzu, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, ka dasa bayan kwana 25 zuwa 30, tazarar santimita 50, don furen ya faɗo cikin Disamba da Janairu.

Tsutsar kuwa, idan ka ga ganye ya yi farin tabo mai haske, ka ɗaga shi ga rana ka hango 'yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen, to ita ce wadda masana ke kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta gangaro Afirka, a 2016 ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna har tumatir ya gagari talaka. Da yake a cikin ganyen take ɓuya, feshi bai cika kai mata ba. A ƙaramar garka hannu ya fi: ka sa yaran su riƙa zagawa da safe, duk ganyen da ya yi tabo a cire a ƙone, duk ɗan da ya huje a binne shi da zurfi. Sannan ka daka ƙwallon dogon yaro rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan farin sabulu a ciki, ka fesa da yamma sama da ƙarƙashin ganye, mako-mako. Yana rage ta, yana kuma maganin darɓa. Maganin kwalba da ake sayarwa a kasuwa babu takarda a jiki, kada ya shigo gidan da yara ke tsinkar tumatir su kai baki. Bana kuma ka canja wa tumatirin fangali, kada ka mayar da shi inda shi ko yalo ko barkono suka fito.

Tambaya: Gwaggo, ina yini. Yayana tela ne a Zongo, duk Sallah sai ya tara buhun ƙyallaye ya aiko mana mu cusa a matashi. Na ga hotuna a Facebook na bargunan da matan Amurka ke haɗawa da guntayen yadi, sun ba ni sha'awa. Ina da keken ɗinki na ƙafa, ina da yaro ɗan shekara 5 da jaririya 'yar wata 3. Zan iya yi musu kafin sanyi ya kankama? Me ake sawa a ciki?

Amsa: Lafiya lau, ɗiyata. Za ki iya, amma na yaron kaɗai, zan zo kan jaririyar. Kuma kada ki ɗauka aikin baƙo ne. Idan kin taɓa tsayawa kallon hawan Sallah kin ga 'yan lifida, doki da mahayinsa duk an lulluɓe su da kauri. Lifidi yadi biyu ne aka cusa auduga a tsakaninsu aka bi da ɗinki layi-layi, don kibiya ta maƙale kafin ta kai fata, da shi aka yi yaƙi a ƙasar Hausa da Barno. Ɗinkin da kika gani a waya shi ne wannan, an dai mayar da shi abin rufa. A wasu wuraren ma tattali ne ya koya wa mata: na Bangal, a Indiya da Bangaladash, tsofaffin zannuwansu suke jerawa su bi da ɗinkin hannu. Baƙaƙen mata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama tsofaffin tufafin aikin gona suka riƙa yankawa, har aka baje bargunansu a gidan kayan fasaha na birnin Houston a 2002. Buhun yayanki ya fi abin da suka fara da shi.

Bargon hawa uku ne: fuska, ciki, da shafi. Ki fara da zazzage buhun ki ware. Atamfa da yadin auduga gefe guda, su za ki yi aiki da su. Leshi, da yadi mai santsi, da mai miƙewa, su koma matashi, don idan kin haɗa mai miƙewa da marar miƙewa bargon murɗewa zai yi. Ki wanke duk abin da kika zaɓa kafin ki sa almakashi, kala-kala daban. Sabuwar atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko, shadda mai rini kuma tana zuba, gara ta zuba a roba da ta zuba a kan aikin wata biyu. Ki shanya, ki goge.

Ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Da shi za ki zana ki yanke kowane ƙyalle, kina bin tsayin zaren yadin, kada ki karkace. Idan kin bar santimita 1 na ɗinki a kowane gefe, kowane gida zai fito santimita 10. Bargon yaro mai mita 1 faɗi da santimita 140 tsawo yana cin gida 140, layi 14, kowane layi gida 10. Taurari da masu kusurwa uku da kika gani a hoto ki bar su tukuna, yankan karkace ne, yana miƙewa a ƙarƙashin keke, ya sa sabuwar hannu ta yi fushi ta jefar da aikin.

Kafin ɗinki ki shimfiɗa tabarma ki jera gidajen a kai, mai duhu kusa da mai haske. Atamfarmu surutu gare ta, idan kin jera ta zalla ido ba ya samun wurin hutawa, don haka ki riƙa raba ta da yadi marar zane, fari ko shuɗi ko ruwan ƙasa. Wannan aikin ki ba yaron, shi zai ware ja da kore, ya kuma gane guntun rigar Sallarsa a ciki. Sai ki ɗinke gida-gida su zama layi, ki goge ɗinkin ya kwanta, na wannan layi dama na mai bi masa hagu, don mahaɗar kada ta yi tudu ta karya allura. Sannan ki haɗa layukan. Sirrin duka shi ne santimita ɗayan nan kada ya canja. Ki manna ɗan salatif a kan keke daidai wurin ki riƙa bi.

Abin sawa a ciki: tsohon bargo marar kauri da ya soma sulɓewa ya fi komai, ko tsofaffin zannuwa biyu a haɗe. Sanyinmu na Disamba da Janairu na asuba ne, ba ya bukatar abin da yaro zai kasa juyi a ƙarƙashinsa. Ɗanyar auduga tana dunƙulewa a wanki sai an yi mata ɗinki kusa-kusa sosai, audugar rimi kuma tana gudu cikin yadi, ga saurin kama wuta. Soson katifa zufa yake sawa. Shafi kuwa zane guda mai laushi, ya ɗara fuskar da santimita 5 kowane gefe.

Ki shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa, ki ɗora ciki, ki ɗora fuska, ki lallashe da tafin hannu. Ki yi ɗinkin riƙo da manyan taku, daga tsakiya zuwa gefe, kullum daga tsakiya, in ba haka ba yadi zai taru ya yi aljihu. Daga nan ki bi da ɗinkin gaske, layi da layi kada su wuce faɗin tafin hannu. Keken ƙafa yakan ja na ƙasa ya bar na sama idan kauri ya yi yawa, shi ya sa ni da hannu nake wannan matakin, da zare mai ƙwari, bargon a cinya bayan isha'i. Idan babu lokaci, ki soka zare mai kauri a kowace mahaɗa ki ƙulle sau biyu ki yanke, shi ma yana riƙewa. A ƙarshe ki naɗo rarar shafin ta rufe bakin, ki yi kalmasa.

Mai jego ba ta da yini guda na kanta, don haka kada ki jira shi. Layi ɗaya a rana, lokacin barcin jaririya, cikin mako biyu fuska ta haɗu. Allura da almakashi su koma gwangwani mai murfi duk lokacin da kika tashi, ko da ɗaukar ruwa za ki.

Jaririyar kuwa, kada ki rufa mata bargo mai kauri sai ta shekara. Yana iya hawa fuskarta, ba ta da ƙarfin ture shi. Ki sa mata kaya biyu ko uku, ki kwantar da ita a rigingine. Kaskon gawayi ma kada ya kwana a ɗakin da aka rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. In kina son yi mata wani abu, ki yi mata 'yar shimfiɗa ta ƙasa wadda za ta yi wasa a kai da rana kina kallonta. Kin kuma tambaya a ƙasan takardarki ko ana samun kuɗi da sana'ar. Masu saye za su gwada farashinki da na bargon kanti, kuma ba za su biya ki zaman dare ba. Ki yi na gida tukuna, idan wata ta gani ta roƙa, ki faɗi kuɗinki ba kunya.

Tambaya: Gwaggo, an mayar da maigidana aiki Yamai, ya turo mana tikitin jirgi, ni da goyona ɗan wata 8 da yarinya 'yar shekara 4. Ban taɓa shiga jirgi ba. Surukata ta ce kunnen jariri fashewa zai yi, gara mu bi kar, wato bas. Tsoro ya kama ni.

Amsa: Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Inna da ladabi, ƙaunar jikanta ce ta sa ta magana. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kar tana tashi da asuba ta isa da dare, da goyo a cinya da yarinya mai neman bayi. Jirgi wajen awa biyu ne idan bai biya ta wani gari ba, kuma haɗarin hanya ya fi na sama nesa ba kusa ba.

Maganar kunne tana da tushe, sai dai ba fashewa ba ce. Idan jirgi ya hau, nauyin iskar cikinsa yana raguwa, idan zai sauka ya ƙaru, iskar da ke bayan dodon kunne kuma sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma take daidaita. Babba ya san ya haɗiya, jariri bai sani ba, shi ne kukan. Maganin yana jikinki: ki ba shi nono lokacin tashi, musamman kuma lokacin sauka, don saukar ta fi ciwo. Ki ɗan ja masa rai kafin a shiga don ya karɓa. Yarinyar ki ba ta ruwa ta riƙa kurɓa, ko biskit ta tauna. Idan ɗayansu na mura mai toshe hanci ko ciwon kunne, ki kai shi likita kafin ranar. Kuma kada kowa ya ba ki shawarar maganin barci ki ɗura wa yaro.

Ki duba tikitin tun yau, sunan jaririn ma dole ya fito, ko da yake a cinyarki zai zauna tunda bai kai shekara 2 ba. Yarinyar tana da kujerarta. Ki riƙe katinki na ɗan ƙasa da takardun haihuwarsu a jakar hannu. Jiragen cikin gida ba kullum suke tashi ba, hazon hunturu kuma yakan jinkirta su, don haka ki kira ofishinsu ana gobe tafiya ki tabbatar da lokaci, ki tambayi kilo nawa aka yarda miki. Ki auna akwatin a sikelin mai shago kafin ki fita, kada a sa ki buɗe shi gaban jama'a kina fitar da tukwane. Ki isa filin jirgi da wuri. In akwai zaɓi ki ɗauki na safe, da rana iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa ta riƙa girgiza jirgin, kamar kar ta hau hanyar burji. Ko ya girgiza ba faɗuwa zai yi ba, ki dai bar ɗamararki a ɗaure.

Jakar hannu guda ta isa, mai rataya, don hannayenki biyu suna da aiki. Ki sa kayan canji na yaran da riga ɗaya taki, nafkin, leda, zani, da ɗan abin rufa saboda sanyin ciki. Ƙa'idar filayen jirgi ita ce abu mai ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, amma abincin jariri da ruwansa ana barin su idan kin nuna. Man shafawa, turare, wuƙa da reza su tafi babban akwati. Batirin cajin waya kuwa a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a akwati.

Kafin a kira ku ki kai yarinyar bayi. Da ƙafa za ku taka zuwa gindin jirgi, ki riƙe hannunta gam, yara na son rugawa wajen farfela. Goyo zai taimake ki har ki hau, amma a ciki sai kin sauke shi, ma'aikaciya za ta nuna miki yadda za ki riƙe shi, in suna da 'yar ɗamarar jarirai ta haɗa ta da taki. Za ta kuma yi bayanin abin shaƙar iska, ta ce uwa ta fara sa nata kafin na yaro. Ki ji wannan da kyau, uwar da ta suma ba ta ceton kowa. Idan ya yi kuka ki bar shi ya yi, kukan ma yana buɗe kunne, kuma duk wanda ya harare ki shi ma an goya shi. Ki karanta addu'ar hawa, aya ta 13 da ta 14 ta Suratuz Zukhruf, ki ba yarinyar wajen taga. Ki ce wa maigidan ya riga ku isa filin jirgin Diori Hamani, kuma da kun sauka Inna za ki fara kira.

Tambaya: Gwaggo, ni sa'arki ce, daga Matamai. Ɗiyata ta haihu a Faransa, zan je wankan jego. Ina so in kai mata kilishi da man shanu, in riƙe ɗinkina a jirgi, in kuma dawo da irin albasa da na tumatir na can, an ce manya ne.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Kilishi da man shanu ki bar su a gida, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje, ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Ɗanyun ganye da 'ya'yan itace da iri ma sai da takardar lafiyar tsirrai, amma dabino yana cikin 'yan kaɗan da aka yafe wa, ki cika mata leda. Garin kuka da yaji ki ɗaure su sosai a babban akwati. Almakashi ma can zai tafi, ki yanke zarurrukanki tun daga gida, allura kuwa galibi ana barin ta. Kada ki manta katin rigakafin shawara tare da fasfo.

Irin albasar can kada ki ɓata kuɗinki. Yawancinta sai yini ya kai awa 14 ko fiye take yin kai, mu kuwa yininmu bai kai haka ba ko a tsakiyar damina, ganye kawai za ta yi miki. 'Yar Galmi da ke hannunki ita ta san ranarmu. Na tumatir kuma idan kin ga an rubuta F1 a jikin takardar, zai yi kyau shekarar farko, amma irin da kika cire daga cikinsa ba zai maimaita uwarsa ba, sai kin sake saye.